Riƙon Madina

Kowa a Ƙofar Kaura ya san Hajo mai kitso. Duk maijegon da za a yi wa suna, a gabanta take zama. Hajo na tsaga kai tana murmushi, amma wallahi zuciyarta tafasa take, don ita in ta ɗauki ciki, wata uku ko huɗu ya zube. An sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru kake ji.

Wadda ta fi tsone mata ido ƙanwarta ce, Iklima. Ita kam ko kallonta miji ya yi, sai ciki! Da ɓarin ya yi yawa, mahaifiyarsu ta sa Iklima ta ba Hajo riƙon ɗiyarta Madina tun daga yaye. Hajo ta goya, ta yi jinyar ƙyanda, ta kai ta makaranta. Amma duk ranar da Iklima ta zo gidan, yarinyar ta ɗare cinyarta, sai Hajo ta ɗaure fuska. Kishi ne tsagwaronsa, ita ma ta sani.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, mijinta Malam Sada ya kai ta wajen wata likita a Zariya. Aka auna jini. Likitar ta ce, "Ba iska ba ce. Garkuwar jikinki ce ke sa jininki ya yi gudaji, ya toshe hanyar da abinci ke isa ga ɗan tayi."

Da ta sake samun ciki, aka ɗora ta kan allura kullum. Ta sha sukar allura har fatar cikinta ta yi tabo, Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Ranar suna ta ci ado, tana jiran ta ga idon Iklima. Yau dai an yi kunnen doki!

Iklima ta rungume ta tana hawayen murna, na gaskiya kuwa, abin da ya ƙara ba Hajo haushi. Sannan ta ce, "Yaya, Allah ya share maki hawaye. To, tunda kin samu naki, Hajiyarmu ta ce Madina ta dawo gida."

Hajo ta juya, tana jiran yarinyar ta ƙanƙame ta, ta ce ba inda za ta. Ina! Madina ta daka tsalle, ta ruga ɗaki haɗa kaya. Can ta leƙo ta ce wa Hajo, "Inna, ina takalmina na sallah? Kar su tafi su bar ni."