Kurnar Habi

Ina da shekara shida aka kai ni wurin Iya, mahaifiyar babana, a wani ƙaramin gari cikin ƙasar Guci. Babana direban gwamnati ne a Magariya. Aka canza masa wurin aiki zuwa arewa mai nisa, innata kuma ga goyo ga wani ciki, sai aka ce in zauna ƙauye har su daidaita. Daidaitawar ta ci shekara huɗu.

A tsakar gidan Iya akwai wata tsohuwar kurna, tsakanin ɗakinta da rumbuna. Iya ta ce ranar da aka kawo ta amarya haka ta tarar da ita, da kaurinta da komai. A ƙarƙashinta ake daka, a nan ake ɗaure awaki da rana, a gindinta randa take, shi ya sa ruwan gidanmu ya fi na kowa sanyi. Akwai wata jijiya tata da ta fito saman ƙasa ta lanƙwasa kamar kujera, zama ya goge ta har tana sheƙi.

Ban yi kwana biyu ba na gane itacen yana da suna. Kurnar Habi ake ce masa. Habi 'yar Baffa Sale ce, ƙanen babana, ta girme ni da wata biyar. An haife ta cikin wata damina mai ƙarfi, ruwa ya cika bayan ɗakin uwarta, sai ungozoma ta haƙa rami a gindin kurna ta binne cibiyarta a can. Tun daga nan sunan ya bi itacen. Maƙwabta in za su aiko yaro, sai su ce ya je gindin kurnar Habi ya karɓo rariya. Ni kuwa a asibitin Magariya aka haife ni. Na taɓa tambayar innata inda aka kai tawa cibiyar, ta ce ita ma ba ta sani ba.

Habi ba ta taɓa yi mini gori ba. Da ta yi, da na samu abin kamawa. Yarinya ce mai sanyi, in ta tsinci kurna sai ta raba biyu ta miƙo mini. Rabon nan shi ya fi ci mini rai, don mai abu ne yake rabawa, ni kuma kullum mai karɓa.

Lokacin sanyi, in an ci tuwo an yi sallar isha, Iya takan sa a tara kara a hura wuta nesa kaɗan da gindin itacen, don kada harshen wuta ya taɓa ganye. Sai ta zauna a tabarmarta ta jingina da kurna, ta jawo ƙwaryar gyaɗar iri ta ajiye a tsakiya, kowa ya riƙa ɓara yana saurare. Kafin ta fara takan dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce wanda ya bar kunnensa a ɗaki ya tashi ya ɗauko. Mu taɓa kunnuwanmu mu ce ga su nan, sannan ta soma. Muryarta ba ta da ƙarfi, sai ka matso kake ji. Wanda ya fi kowa kusa da ita shi ne wanda ke kan jijiyar nan, wurin kuma na Habi ne. Ba wanda ya ba ta shi da baki, ba kuma wanda ya taɓa zama a kai in tana nan. Iya in labari ya yi daɗi takan ɗora hannu a kan Habi tana shafawa ba tare da ta sani ba. Ni ina can ƙetaren wuta, hayaƙi yana shiga idona, ina kallon hannun. Tatsuniyoyi da yawa na rasa tsakiyarsu saboda kallon hannun nan.

A shekarata ta biyu a lakwal, wato makarantar boko, na iya rubuta sunana. Wata safiya da mata suka tafi rijiya, na ɗauki wuƙar Baffa na zagaya bayan kurna na fara sassaƙa sunana a jikinta. Ɓawon yana da tauri, na yi harafi uku hannuna ya gaji. Na koma da yamma na tarar wurin ya yi jajir yana naso. Iya ta gani, don na hange ta tsaye a wurin tana shafa shi da yatsa. Ba ta kira ni ba, ba ta gaya wa Baffa ba. Da dare ya yi ta ba mu labarin suda da kurciya.

Ta ce akwai wata tsamiya a bakin hanya, a cikinta aka ƙyanƙyashe wata kurciya. Ana nan sai iska ta kayar da itacen da suda take kwana, ta zo ta roƙi wuri. Tsamiya ta ba ta reshen yamma, mai inuwa da 'ya'ya kamar kowane. Suka zauna lafiya. Amma matafiya sun saba, in sun zo hutawa sai su ce bari mu zauna a tsamiyar kurciya. Suda ta ji sau ɗaya, ta ji sau goma, abinci ya daina yi mata daɗi. Rannan ta tashi ta tafi ƙofar wani masassaƙi ta yi ta rera masa cewa akwai reshe a gabashin tsamiya, miƙaƙƙe, ya yi ƙotar fartanya. Reshen da gidan kurciya yake kai ke nan. Masassaƙi ya ɗauki gatari ya bi ta. Da ya iso ya zagaya itacen, ya ga kaurin gindinsa, sai ya ce wa zai tsaya kan ƙota ga turmi uku a tsaye. Ya fara sara daga ƙasa. Suda ta yi ta kewaya kansa tana cewa reshe na ce, reshe kawai na ce, shi kuwa bai ƙara jin maganar tsuntsu ba. Da la'asar tsamiya ta faɗi. Kurciya ta yi kukanta ta tashi ta nemi wani wuri. Suda kuwa har yau ba ta yi shiru ba, duk wanda ta gani sai ta tsayar da shi tana yi masa bayani.

Yara suka yi dariya. Ni na ji kamar an zuba mini garwashi a zane. Na ce ai ita ma suda tana da gaskiya, a nan take kwana, don me ba a kiran itacen da sunanta.

Iya ta ɓare gyaɗa biyu kafin ta amsa. Ta ce, "Balki, tunda kika zo gidan nan, kurnar nan ta taɓa rage miki inuwa?"

Na ce a'a.

"To me kike nema a wurinta kuma?"

Na tashi na shiga ɗaki na kwanta da fushi, ina jin su suna ci gaba ba ni.

Da na cika shekara goma iyayena suka dawo Magariya suka ɗauke ni. Na yi karatu, na zama malamar lakwal, har a ƙauye aka daina kirana Balki aka koma Madan. Iya ta rasu ina kwalej. Babana ya bi ta bayan wasu shekaru. Habi ta yi aure a gidan da ke jikin katangarmu, inuwar kurna ta yamma a tsakar gidanta take sauka. In na je hutu nakan tarar da 'ya'yanta a kan jijiyar nan, su ma sun gaje ta. Na ɗauka na girma na wuce wannan magana. Ina da aiki, ina da miji da 'ya'ya, me zan yi da sunan itace.

Bara da bazara Baffa Sale ya kira ni a salula, ina zaune ina duba kaye, wato littattafan rubutun 'yan aji. Ya ce zai gina wa ƙaramin ɗansa ɗakin siminti, ba fili sai wurin kurna, kuma jijiyoyinta sun fara tsaga katanga. Tunda babana yana da rabo a gidan, ni ce kuma babbar 'yarsa, ba zai taɓa ta ba sai da yardata. Har na buɗe baki zan ce a duba wajen rumbuna ko za a samu wuri, sai ya ƙara da cewa Habi ta dame shi, kwana uku tana kuka wai kada a taɓa mata kurnarta.

Kalmar nan ta ƙarshe ce ta shige ni. Na ji bakina yana cewa, "Baffa, itace ne fa. A sare."

Ya yi godiya ya kashe. Na ci gaba da duba kaye, har na ji wani daɗi-daɗi a raina wanda ban so in tsaya in dube shi ba.

Bayan wata biyu na tafi gaisuwa. Na shiga mota zuwa Dungas, daga can na hau kabu-kabu. Tun ina yarinya, in an hawo tudun ƙarshe kan kurnarmu ake fara gani sama da rufin gari. Ranar muka hawo tudun ban ga komai ba, har na ce wa mai babur ya ɓata hanya. Da na shiga gidan rana ta dake ni a tsakar gida inda ban taɓa sanin rana ba. Awaki sun manne da katanga suna haki. An mayar da randa cikin ɗaki. Kututturen yana nan ba a tone shi ba tukuna, an jera bulo a gefensa. Na zauna a kai. Aka kawo mini fura na kasa sha.

Matan unguwa suka yi ta shigowa. Ni su ce mini Madan ya hanya, ya yara. In sun juya wurin Habi sai murya ta sauka, su ce sannu Habi, ya haƙuri, kamar an yi mata rasuwa. Wata tsohuwa har ta riƙe hannunta tana ba ta baki. Ina zaune ina kallo, kuma wallahi abin da na ji shi ne abin da nake ji a ƙetaren wuta ina 'yar shekara bakwai. Ni ma a ƙarƙashin itacen nan na koyi daka, ni ma a nan na ji muryar Iya, amma ko baƙin cikin ma na Habi ne. Ba wanda ya yi tunanin in ma ina da kaso a ciki.

Da yamma na bi ta gidanta. Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar ƙwarya cike da busasshiyar kurna, ta ce na ƙarshe ne, ta ajiye mini rabona. Na karɓa na ce mata ni ma fa abin ya yi mini zafi. Ta ce ta sani, ta ga yadda na zauna a kan kututturen. Ta gyara ɗankwali, sannan ta ce, "Ranar da Baba ya ce ke zai tambaya, na dawo gida na yi barcina. Na ce wa maigidan kurna ta tsira, tunda Balki za a tambaya."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta tashi ta je ta duba tukunya.

Shekara talatin ina ganin Iya ta ba da labarin nan ne don ta kunyata ni a gaban yara, kuma shekara talatin ina bayan suda. Yanzu in na tuna, abin da ya fi tsaya mini shi ne a duk labarin maganar suda kaɗai masassaƙi ya ji. Kurciya tana da suna, amma ba wanda ya tambaye ta. Haka muka tashi ni da Habi, ita da suna, ni da maganar da ake ji, ban lura ba, don idona yana kan abin da ke hannunta. Suda ma ta fi ni, ita reshe ta ce.

Ban daina kishin Habi ba, ƙarya ne in ce na daina. Yanzu abin da nake mata ƙyashi shi ne yadda take zancen kurnar nan da bakinta wasai, ta yi hawayenta ta share. Ni in na fara sai in ji ina kawo maganar katanga da ta tsage, da ɗakin da ake bukata, da cewa itacen ma ya tsufa. Kwanan baya ƙaramar 'yata ta tambaye ni wa ya sare kurnar da nake yawan ba su labarinta. Sunan Baffa ya zo mini har bakin leɓe. Na haɗiye shi na ce mata ni ce.