Ranar da Bulus ya ba ni tattabarunsa

Ana jibi Kirsimeti, abokina Bulus na Makera ya miƙo min kejin tattabarunsa. Mutumin da ko ƙwai bai taɓa ba ni ba!

Na ce, "Fasto, rowa ta tafi hutu ne?"

Ya ce, "Riƙe kawai. Na gaji, ba na son ganin sabuwar shekara."

"Kashe kanka kake nufi?"

Ya gyaɗa kai.

Na ce, "Ba ka isa ba. Wa zai kawo min shinkafar Kirsimeti?" Na zauna daram, na kira yayarsa, muka raka shi asibiti.

Jiya ya kira ya zage ni tas. Ban taɓa jin daɗin zagi haka ba, don na san Bulus ɗina ya dawo.

Wa ya yi shiru cikin abokanku? Ku leƙa shi.