Yadda Kiɗan Ƙarfe Ya Kai Ni Kurkuku

Ni ɗan malami ne. Mahaifina yana da makarantar allo a Illela, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya je jami'a. Na fara da wannan ne don ku san cewa abin da na yi ban yi shi cikin jahilci ba, kuma ba yunwa ce ta sa ni ba. Na gama karatu da hidimar ƙasa a farkon shekarun tamanin, na dawo gida ina jiran aikin gwamnati. Aikin bai zo ba. Ina ɗan koyarwa, ina rubuta wa mutane wasiƙu da takardun ƙungiya. An san ni da taka-tsantsan. Ko hadari ya rufe gari, in aka tambaye ni ko za a yi ruwa, sai in ce wataƙila.

A bayan tashar mota akwai rumfar wani mai walda, Garba. Ya girme ni da shekara biyar ko shida, bai yi boko ba, amma yana da kunnen da ban taɓa ganin irinsa ba. Kafin ya taɓa ƙarfe da wuta sai ya buga shi ya saurara. Da haka yake gane mai tsagewa a ciki da mai lafiya. Bayan la'asar, in aiki ya lafa, shi da abokinsa Yusufu, wani makaniken Ƙonni da ke ƙetaren iyaka, sukan jera tsofaffin fartanya da sifirin na mota su yi ta bugawa. Wata rana na tsaya ina kallo, Garba ya ɗago kai.

"Digiri, kallo kaka yi ko lissahi? Ga guduma, matso."

Haka na shiga. Muka sa wa kanmu suna Kukan Ƙarfe.

Kiɗanmu na farko bai yi nisa da na gargajiya ba. Salon kalangu muke bi, ƙarfe kawai muka sa a madadin fata, Yusufu yana ɗora waƙar zambo a kai. Direbobi suna dariya, wani lokaci su gayyace mu wasan tasha. Daga baya muka ƙara duro-duron mai da ake jefarwa a bakin iyaka, da sarƙar tirela da ake ja a kan kwano. Masu kiɗan gari suka ce mun haukace. Wata tsohuwa mai sayar da fura ta ce da ta ji mu ta ɗauka mota ce ta faɗa rami. Garba ya ji daɗin wannan magana fiye da duk wani yabo.

Ni na kawo canji na gaba, kuma a lokacin ina alfahari da shi. Ina da rakoda biyu. Na fara ɗaukar ƙarar injin niƙa, da tashin babbar mota da safe, da shuuu ɗin rediyo tsakanin tasha da tasha. Sai in kunna ɗaya, mu buga ƙarfe a kai, ɗayar tana ɗauka. Na gano cewa in batir ya yi sanyi, sauti yana yin nauyi, yana jan jiki kamar mai ciwo. Muka daina waƙa gaba ɗaya. Yusufu ya yi fushi na mako biyu, sannan ya dawo da injin gugar ƙarfe ya ce wannan ce sabuwar muryarsa. Mutanen tasha suka daina gayyatarmu, amma kaset ɗinmu ya fara ƙetarawa. Ko lokacin da aka rufe iyaka, yana bin hanyar ƙafa a aljihun masu jakuna. Wani mutum daga Yamai ya aiko cewa yana da abokai a waje masu son irin wannan, in muna da sabo zai kai musu. Ba zan rantse cewa da gaske yake ba. Mu dai mun gaskata shi.

Daga nan kunnenmu ya zama ɓarawo tun kafin hannunmu. Duk ƙarfen da muka wuce sai mun ƙwanƙwasa. Na farko da muka ɗauka ba da izini ba allon hanya ne da iska ta kayar. Na ce wa kaina ai yasasshe ne. Na biyu tsohon wili ne da wata makarantar ƙauye take bugawa a matsayin ƙararrawa. Na ce ai za su sami wani. Kowane ɗaya sai da na yi kwana biyu ina juyi a kansa, kuma kowane ɗaya na samo masa hujja. Ina ganin amfanin da karatuna ya yi mini ke nan a lokacin.

A Kalmalo akwai wata ƙungiyar manoman rani da nake rubuta wa takardu. Suna da injin ban-ruwa guda ɗaya a bakin tafki, kuma mai kula da shi wani dattijo ne, Baba Ladan. Ya fi shekara goma a kan aikin. Wata safiya na kai musu takarda, na tarar zai tayar da injin. Kafin ya tayar, sai ya ɗauki sifana ya bugi babban wilin da ke gefen injin, wanda bel yake hawa, sau uku. Alamarsu ke nan, kowa ya je ya buɗe bakin lambatunsa, ruwa yana tafe. Wilin yana da 'yar tsaga a baki, saboda haka in an buga shi, ƙarar takan yi zurfi, sannan a ƙarshe ta karkarwa kamar muryar tsoho.

Ni na kai labarin rumfa. Ba wanda ya tambaye ni. Garba ya je ya ji da kunnensa, ya dawo bai iya zama ba.

"Wanga ƙarhe ba na ban-ruwa ba na," ya ce. "Ɓata shi sukai."

Na ce masa in babu wilin injin ba zai tashi ba, ga albasa da alkama suna tsakiyar shan ruwa.

"Mi kaka tsoro, Digiri? Ƙungiya ta, su sayo wani."

Na ce bari in yi tunani. Tunanin da na yi shi ne na gaya musu cewa ranar Juma'a Baba Ladan yakan hau kekensa ya zo masallaci Illela, fadama takan zama ba kowa daga azahar zuwa kusan la'asar. Muka je da amalanken jaki da lodin kara. Su biyu suka kwance, ni ina tsaye a kan tudu ina duba hanya. Ana can ana huɗuba muka lulluɓe wilin da kara.

Ba su sayo wani ba, domin babu. Lokacin kayan inji sun yi wuya, an aika Sakkwato, an aika Kano, ba a samu ba. Manoman suka koma jigo da bokiti. Na kusa da ruwa suka tsira da wani abu. Na nesa suna kallo albasarsu ta kwanta, alkama ta yi fari ba ƙwaya.

Sai aka nemi mai laifi. An kwance notocin ne da kyau, ba a fasa komai ba, kuma Baba Ladan ne kaɗai mai riƙe da sifanun injin. Aka tara masa jama'a a ƙofar gidan maigari. Aka aiko a kira ni, tunda ni ne mai rubutun ƙungiya, in rubuta abin da aka yanke. Na je da alƙalami na zauna a kan tabarma. Wani ya ce tsohon ya sayar da wilin a hayi, wato ƙetaren iyaka, ya karɓi sefa. Wani ya ce ai dama ya ga ya yi sabuwar riga da salla. Baba Ladan yana ta rantsuwa. Can ya juyo wajena.

"Ɗan Malam, kai ka san ni. Ubanka ya san ni. Hwaɗa musu."

Ga abin da na ce, kuma ban manta ko kalma ɗaya ba: "Ni dai ban san Baba da sata ba. Amma ba zan iya shaida a kan abin da ban gani ba."

Mutane suka gyaɗa kai, suka ce yaron nan yana da hankali. Na rubuta takardar cire shi da hannuna. Na sa "ana zato" a wuri biyu don in samu in yi barci.

Wilin kuwa muka rataye shi da sarƙa a cikin rumfa, bayan tulin kwano. Dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: kaset ɗin da muka yi da shi ya fi duk abin da muka taɓa yi. Muka ajiye duro da fartanya. Fuska ɗaya ta kaset ɗin gaba ɗaya wilin ne da numfashin injin niƙa a ƙarƙashinsa, sai Yusufu ya shigo da gugar ƙarfe can wajen ƙarshe. Na roƙi Garba mu binne ƙarar a cikin hayaniya, ko mu ɗauke ta da batir mai sanyi yadda ba za a gane ta ba. Ya yarda da batirin, ya ƙi hayaniyar. Ya ce wanda ya rufe wannan murya bai san kiɗa ba. Na ce to a kai shi hayi kawai, kada a sayar a Illela. Muka yi haka, muka manta cewa abin da ya ƙetara da safe yana iya dawowa da yamma.

Wata bakwai Baba Ladan yana ɗauke da sunan ɓarawo. Ya koma tufkar igiya yana kawowa kasuwar Lahadi. Rumfarsa ba ta da nisa da ta wani mai sayar da kaset, wanda yakan ƙure murya don jawo mutane. Wata Lahadi ya sa namu don ya ba abokansa dariya. An ce tsohon ya saki igiyar da ke hannunsa, ya taka a hankali har gaban lasifika.

"Yaro, maido wagga baya in ji."

Aka maido masa sau uku. Bai yi ihu ba. Ya shiga kasuwa ya nemo manoman Kalmalo huɗu, bai gaya musu komai ba, ya ce su tsaya su saurara. Nauyin batir ya canza ƙarar, amma bai taɓa karkarwar ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce da ya ji, sai da ƙafarsa ta motsa zai je buɗe lambatu. Duk Illela mutum uku ne suke irin wannan kiɗa. Kafin la'asar 'yan sanda suna rumfar Garba, wilin yana lilo a gabansu.

Yusufu ya ji labari ya bi hanyar ƙafa ya ƙetare iyaka, ban sake ganinsa ba. Ni da Garba aka ba mu shekara uku uku. Alƙali ya tambaye ni ko ina da abin cewa, na buɗe baki na ji ina shirin cewa "wataƙila", sai na ce babu.

Ba zan ba ku labarin kurkuku da yawa ba. Akwai ƙwarƙwata, akwai gabza, akwai bokitin da ake juyawa da safe. Mahaifina bai zo ba ko sau ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba, domin wasu iyaye sun janye 'ya'yansu daga makarantarsa saboda ni. Da guntun ƙarfen dogo ake tayar da mu. Safiyarmu ta farko, ana bugawa, Garba ya taɓa ni ya ce, "Ji wanga, shina da murya." Daga ranar ban ƙara zama kusa da shi ba. Mutumin Yamai bai sake aiko da komai ba. Na ji ana cewa kaset ɗin yana yawo a can da wani suna a jikinsa. Ban sani ba, ban kuma bincika ba. Nan Kukan Ƙarfe ya ƙare.

Da na fito, kafin in kwana biyu a gida, na tafi Kalmalo. Duk zamana a ciki ina lallashin kaina da cewa aƙalla kama mu ya wanke tsohon. Ashe bai wanke shi ba. An mayar da wilin, injin yana aiki, amma wani ne yake kula da shi. Mutane sun ce yaran gari ba za su san ranar da fadama take zama ba kowa ba, sai da ɗan gida. Wasu sun ce ya tona mu ne don ba mu cika masa rabonsa ba.

Na same shi a gindin bango yana tufka. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo neman gafara. Ya ci gaba da tufkarsa.

"Ƙarhen na yahe," ya ce. "Ƙarhe na, an maido shi. Amma ranar da anka tara ni, kowa da ac can zato shikai. Kai ɗai ka sani. Kuma kai nir roƙa."

Na ce zan je gaban maigari in faɗa cewa ba shi da hannu.

"Tahi ka hwaɗi. Shaidar ɓarawo ta. Ranar da maganarka ad da nauyi ka ɓoye ta."

Na je, na faɗa a gaban jama'a. Suka saurare ni da ladabi, wani ya ce Allah ya kyauta, aka shiga maganar taki. Bayan shekara ɗaya da wani abu Baba Ladan ya rasu. Na bi gawarsa, kuma a hanyar dawowa na ji wani matashi yana tambayar abokinsa ko wannan ne tsohon nan na maganar inji.

Na tuba ga Allah, ina kuma fatan ya karɓa, ko da yake haƙƙin wani ba a nan yake ƙarewa ba. Ku matasa masu son kiɗa ko wata sana'a, ban ce ku bari ba. Amma in kun ji kuna cewa abin wani ya fi dacewa da hannunku, ku tsaya nan, domin daga nan muka fara. In kuwa kun riga kun yi, aka kama wani a madadinku, kada ku ce bari ku yi tunani. Ku tashi a cikin taron ku ce ni ne, a ranar, tun mutane suna yarda da bakinku. Ni na jira shekara uku da wata bakwai kafin in faɗa, kuma da sunan da na rubuta masa aka binne shi.