Damin Mutanen Dutse

Jiya da hantsi jirgin soja mai saukar ungulu ya ratsa saman Gure ya nufi gabas. Yara suka zubo titi suna ɗaga masa hannu, ni kuwa sai na tsinci kaina ina sunkuyar da kai yadda kakana yake yi.

Kakan nan nawa cikin mazan jiya yake. Nasara sun ɗauke shi soja yana saurayi, suka kai shi yaƙinsu can bayan hamada, ƙasar Larabawa mai duwatsu. A ƙauyenmu na hanyar Kelle kowa ya san ya shiga jirgin da ba ruwansa da filin sauka, mai farfela biyu, gaba da baya, lanƙwasasshe har sojoji suna ce masa ayaba. Mu da ayaba sai a littafin lakwal, wato makarantar boko, amma hakan bai hana ni cika baki ba. Duk yaron da ya kayar da ni a kokawa, sai in kakkaɓe rairayi in tambaye shi ko kakansa ya taɓa hawan abin da ya wuce jaki.

Shi bai taɓa fahariya da abin ba. Abin da na sani, kowace shekara bayan an fid da zakka, yakan ware dami mafi kyawun zangarniya, ya ce na mutanen dutse ne. Ba ya ba maƙwabci, ba ya ba malami. Sai ayarin gishiri ya sauko daga arewa ya ɗora wa mai raƙumin da ya fara yada zango. Kakata takan yi mita, ta ce ga mabuƙata a ƙofar gida. Shi kuwa sai ya ce, "Su suka fi kusa da masu shi."

Wata shekara, gida ya cika da ƙanshin sabon hatsi, mata na sussuka, na haɗa tawa ayabar da kara da ƙaya. Na zagaye gida ina kwaikwayon ƙararta, sannan na taka turmi na sauke ta a kan rumbu. Tsohon da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya fizge ta ya karya a gwiwa.

"Haka ake sauke mu, jikana, a bayan gari," ya ce. "Mutanen dutsen nan, salla suke irin tamu. Aka ce su ke ciyar da 'yan tawaye, aka miƙo mini wuta. Ɗan manomi ne ni, na san inda rumbu ya fi saurin kamawa. Nasu alkama ce, amma ƙaurin ɗaya ne."

Kai ma ka sani, a wajenmu ɓarawo ya fi mai ƙona rumbu mutunci, don abin da ya sata wani ciki zai shiga. Kunya ta rufe ni, kuma har yau ba ta sake ni ba. Ban ƙara ambaton jirgi a lakwal ba.

Bayan rasuwarsa, da waya ta shigo hannu, na bi sawun jirgin. Ashe a Amurka aka ƙera shi don ceto mutane a ƙasar ƙanƙara. Daga baya ya koma jigilar soja a duwatsun nan, ya je yaƙin Biyetnam, ya tsufa aka ajiye shi a gidajen tarihi. An rubuta nauyin da yake ɗauka da yawan sojan da ke shiga cikinsa. Ban ga inda aka ambaci rumbu ba.

Yanzu ayari ya yi wuyar gani, manyan motoci sun karɓe hanya, amma ban fasa ware damin ba, jiya ma na bana yana jingine a zaurena. Jirgin jiya na ɓacewa autana ya shigo da gudu, ido na walƙiya.

"Baba, da gaske kakanka ya hau irin wannan? Gobe zan gaya wa mushe, malamin ajinmu."

Na dubi damin da ke jingine.

"Ya hau," na ce. "Kama mini damin can mu je tasha mu nemi motar arewa. A hanya zan gaya maka inda ya sauka."