Ranar da Kawu Abu Ya Amsa Sunan Taiwan

Daga bakin wani ɗan kabu-kabu na fara jin sunan. Ina ƙarama, ko firamare ban shiga ba, ina zaure ina wasa da gwangwani, mutumin ya tsaya da babur ɗinsa yana ta tari kamar tsohuwar akuya, ya ce, "Ke yarinya, nan na gidan ƙanwar Abu Taiwan?" Ni kuwa na ɗauka Taiwan sunan kakanmu ne, kamar yadda ake cewa Abu Garba. Washegari da Kawu ya shigo gaida Inna, na durƙusa har ƙasa da ladabina, na ce, "Ina kwana, Kawu Taiwan." Ludayi ya suɓuce daga hannun Inna. Kawu ya dube ni, ya dubi ƙanwarsa, ya mayar da alewar da ya riga ya ciro cikin aljihu, ya juya ya fita. Alewar nan har yau ban sha ta ba.

Abubakar ne sunansa na yanka, wan mahaifiyata. A Garu aka haife shi. Ya shigo Illela yana saurayi, ya fara da facin keke a gindin bishiyar bedi, a hankali har ya buɗe shagon kayan babur a bakin hanyar da ta nufi Ƙonni. Duk wanda sarƙarsa ta tsinke ko fulogi ya mutu masa tsakanin nan da iyaka ya san ƙofar shagon.

Duniya a wurin Kawu ba a taswira take ba, a kan kantocin shagonsa take jere. Kantar sama ita ce Japan, wato orijina, kayan da mutum zai mora har ya bar wa ɗansa. Ta tsakiya Beljiyam, kayan da aka yi aiki da su a wata ƙasa amma da sauran ƙarfinsu. Can ƙasa cikin kwali kuma ga Taiwan, wanda a bakin 'yan kasuwarmu yake nufin jabu: ga kyan ido, ga sauƙi, ga gajeren kwana. Bai taɓa zama ya yi tunanin cewa akwai mutanen da ke kwana su tashi a waɗannan wurare ba. A wurinsa darajojin kaya ne kawai.

Abin haushin shi ne gaskiyarsa ce ta ja masa sunan. Wasu sukan zura jabu cikin kwalin Japan su miƙa maka suna murmushi. Shi kuwa sai ya ɗaga abin sama ya ce, "Wanga Taiwan na, kada ka dawo ka ce ban faɗa ma ba." Safe da yamma maganar ke nan a bakinsa, har Alhaji Maccido, taubashinsa mai fataucin albasa zuwa Ƙonni, ya ɗauki kalmar ya liƙa masa. Da yake bakin taubashi ba ya da linzami, kafin damina ta fita sunan ya tsallaka iyaka ya dawo.

Babu irin yaƙin da Kawu bai yi da sunan nan ba. Wanda duk ya kira shi da shi, ko da kuɗi a hannu ya zo, Kawu zai mayar da kai ga gyaran kanta kamar kurma. Ya sa aka rubuta masa allo babba, "Abubakar Mai Gaskiya", sai mutane suka mai da allon abin kwatance: "Ka ga allon Mai Gaskiya? To nan na shagon Abu Taiwan." Da Allah ya nufe shi da sauke farali, ya dawo da zaton Alhaji zai shafe tsohon tabo. Tun a tasha ya ji wani yana kwarara kira, "Barka da sauka, Alhaji Taiwan!"

Mutane dariya suke yi, amma abin yana cinsa a rai. Ya taɓa gaya wa Inna cewa ba mutuwa yake tsoro ba, sanarwarta yake tsoro. Ranar da ya kwanta dama za a ce Abu Taiwan ya rasu, baƙon da bai san shi ba ya ɗauka wani macuci ne ya tafi, jikokinsa kuma su tashi ana ce musu jikokin jabu.

Ana nan sai kayan Caina suka shigo. Da farko cikin kwalin ƙasa ya ajiye su, kusa da Taiwan. Shekara na zagayowa suna hawa, suka ture Beljiyam, suka matse Japan a lungu, har ya zama in ka ɗebe Caina daga shagon sai dai ka sayar da katako. Kayan Taiwan suka ɓace sarai. Sunan ne kaɗai ya ƙi tafiya.

Bayan la'asar akan yi majalisa a ƙofar shagon. Akwai benci guda, da rediyon Kawu da aka ɗaure da roba, da teburin Muhammadu Lawal mai shayi a gefe. A 'yan shekarun nan rediyo ba ya rabo da labarin Sin, wato Cainar da muka sani a kasuwa: yau ta ƙaddamar da jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, gobe ta gwada makami, jibi Amurka ta tura nata jiragen su ratsa ta kusa da ita. Majalisa ta rabu biyu. Maccido na Amerika, Lawal na Sin.

"Amerika tsohon hannu ta," in ji Maccido. "Tun muna yara jiragenta ka yawo bisa teku."

"Tsohon hannu ai rawa shika yi, Alhaji," in ji Lawal yana juya shayi. "Wayar da ke aljihunka ta wa ta? Tocilarka hwa? Yanzu an ce jiragen yaƙinsu na ruwa sun fi na kowa yawa."

"Yawa! In dai ƙirar Caina na, ana shiga tsakiyar ruwa ka ji birki ya tsinke."

"Jirgin ruwa na da birki?"

"Shi ya sa nac ce ma ba su iya ba!"

Kawu ba ya sa musu baki, goronsa kawai yake ci. Sai wata Laraba mai karanta labarai ya ce Sin ta kewaye Taiwan da jirage tana atisaye, tana mai cewa Taiwan tata ce, ita kuma Amurka tana sayar wa Taiwan makamai. Majalisa ta juyo ta dubi Kawu. Sannan Maccido ya zame daga benci yana riƙe da ciki don dariya.

"Abu! Tashi ka gudu, an kewaye ka!"

Har mai facin da ke tsallaken hanya sai da ya zo jin abin da ya faru. Kowa na jiran Kawu ya kashe rediyo ya kori majalisa, yadda ya saba. Bai yi ba. Tunani ne ya kama shi, irin na ɗan kasuwa. Ya san babu wanda zai ɗauko tirela don kwasar kwali wofi. To ƙasar da ta cinye masa shago, da ƙasar da Maccido ke cewa babu kamarta, mi za su yi da jabu har su fito da makamai a kansa?

Washegari da hantsi sai ga shi gidanmu. Lokacin na gama sakandare ina zaune gida. Ya gaisa da Inna, ya tambayi awakinta ɗaya bayan ɗaya, sai da ta shiga madafi sannan ya matso ya rage murya.

"Zulaihatu, ke da kinka yi boko. Wanga Taiwan da rediyo ka faɗi, wace kasuwa ta? Legas take ko Anaca?"

Na cije leɓe. Na tuna da alewata, na haɗiye dariyar. Na buɗe taswira a waya na nuna masa Sin, shimfiɗe kamar tabarmar masallaci, sannan na nuna masa ɗan tsibirin da ke gefenta cikin ruwa.

"Ɗan wanga? Awa ƙwallon dabino?"

"Shi ne, Kawu."

"To mi sunka gani gare shi?"

Na gaya masa iya abin da na sani: Sin ta daɗe tana cewa yankinta ne, mutanen wurin kuma suna tafiyar da mulkinsu da kansu. Na ce akwai wani ɗan mitsitsin abu cikin waya da mota da jirgi, shi ne ƙwaƙwalwarsu, kuma mafi kyawunsa a tsibirin nan ake ƙerawa.

"Mafi kyawu?" Ya maimaita a hankali. "Orijina?"

"Orijinan orijina, Kawu."

Ya cire hula ya aza a gwiwa. Ya daɗe yana kallon ƙwallon dabinon nan, fuskarsa na wani irin haske da ban taɓa gani ba. Can kuma hasken ya ɗan dushe.

"Da mutane ciki?"

"Miliyoyi."

"Da masu shago? Da ƙananan ɗiya?"

Na ce da su. Ya dubi ruwan da ya kewaye tsibirin, inda rediyo ya ce jirage sun jeru, ya ce, "To su in anka fara, ta ina za su fita? Mu nan ko an rufe iyaka akwai hanyar jaki." Bai jira amsa ba. Ya mayar da hula, ya ce kada in gaya wa kowa ya zo.

Daga ranar ya sake. Ya canja wa rediyo batir, ya daina rage masa murya in an zo labaran duniya, har yakan daka wa Maccido tsawa ya yi shiru. Amma sunan bai amsa ba tukuna. Abin da mutum ya yi shekaru yana gudu ba a rana guda yake juyowa ya rungume shi ba.

Sai wata Lahadi, ranar kasuwar Illela, gari ya cika da shanu da baƙi. Lawal ya samo hoton faretin sojojin Sin a waya, majalisa ta taru a kansa. Ga sojoji suna ɗaga ƙafa tare kamar da zare ake jansu, ga makamai dogaye kamar turakun lantarki kwance bisa manyan motoci.

"Ka gani, Alhaji?" in ji Lawal. "Ina birkin da ya tsinke?"

"Fenti na," in ji Maccido. "Ka buɗe ciki ka ga kwali."

Suna cikin haka wani saurayi ya turo babur daga wajen Ƙonni, gumi na zuba, tsinkakkiyar sarƙa rataye a wuyansa. Baƙo ne, bai san dokar wurin ba. Ya tsaya tsakiyar majalisa ya ɗaga murya: "Salamu alaikum! Wa na Abu Taiwan cikinku?"

Lawal ya kife wayarsa. Mai faci ya ja baya. Maccido ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Kawu ya tauna sauran goronsa, ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya gyara zaman hula.

"Ga ni," ya ce. "Amma ka sassauta murya, samari. Manyan ƙasashe na bisa kaina."

Maccido ya ɗago baki buɗe. "Abu, amsawa kay yi?"

"In ƙi amsawa don mi? Kai da kal laƙaba mani, ka san abin da kab ba ni? Ga Amerika na so na, ga Sin na so na. Kai wa ka son ka, ban da ƙudan albasa?" Ya juya ga mai shayi. "Lawal, kai na Sin ko? Zuba mani shayi, da madara. Maccido, kai na Amerika, miƙo goro. Wanda ka neman Taiwan ai ba hannu wofi shika zuwa ba."

Majalisa ta kece. Lawal ya zuba shayi yana share hawaye, Maccido ya lalubo goro yana gunaguni.

"To mun kawo," in ji Maccido. "Wa kaka bi cikinmu?"

Kawu ya kurɓi shayin Sin, ya ɓantari goron Amerika.

"Ba ni bin kowa. Ku dai ku janye jiragenku daga ƙofar shagona, mutum na son sarƙa." Ya shiga ciki ya ɗauko sarƙa, ya ɗaga ta sama yadda ya saba. "Wagga Caina ta, samari. Kada ka dawo ka ce ban faɗa ma ba."

Tun daga ranar in an ce Abu Taiwan, kafin a rufe baki ya ce na'am. Allon "Mai Gaskiya" na nan, amma ya sa an ƙara kalma guda a ƙasa da jan fenti. Maccido yana ta neman sabon suna da zai ba shi haushi, har yanzu bai samu ba. Jikokin ma sun koya: in wani yaro ya ce musu jikokin Taiwan, sai su ce to je ka tambayi wayar babanka.

Rediyo kuwa bai daina kawo labarin jirage ba. Wani lokacin in ana karantawa nakan ga Kawu ya bar tauna goro har sai an wuce wurin. Ran nan na je shagon karɓo wa Inna tocila, ya raka ni har bakin hanya, nesa da benci, ya ce:

"Ɗiyata, ke kin fi ni saurin jin labari, wayarki ba ta barci. In Allah Ya kawo ranar da anka harba wani abu can, kada ki bari in ji shi ga majalisa, Maccido na dariya. Ki taho gida da ƙafarki ki faɗa mani, awa yadda aka faɗin abin da ya sami dangi."