Tsohuwa Da Ƙunshi A Layin Allura

Jama'a, a ba da hanya, ga shugabar 'yan fasa-ƙwaurin ƙasar Gezawa ta iso asibitin ƙauyenmu. Tsohuwa ce 'yar firit, silifas ɗinta kowanne da kalarsa, tana tafe tana waige-waige, wani ƙunshi na motsi ƙarƙashin hijabinta. Ina jin ta tana raɗa wa malamar asibiti cewa uwar jaririn na da ciwon hanta, in ba a yi masa allura yau ba zai iya ɗauka. Ashe jariri ne a ƙunshin, kuma da gani sato shi ta yi, daga gidan da jariri ba ya fita kafin suna.

Na ce, "Inna, zakara kika kawo allura?"

Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Kwanansa ɗaya a duniya, ya san abin da ya kawo shi nan. Kai fa? Matsa."