Simintin Mai Guga

A gidan wankin da take aiki ba mai kiran ta da sunanta. Sannu-sannu suke ce mata, daga mai gidan wankin har matan da ke bakin famfo, domin ko gobara ce ta tashi ba za ta ɗaga dutsen guga daga kan riga ba sai ta kai ƙarshen hannu. Shekara goma sha ɗaya tana tsaye a gaban teburi guda, kusa da wata taga da ba ta buɗuwa, da kwanon ruwa a hagunta, tana tsoma yatsu tana yayyafa wa tufafin mutane kafin ta bi su da dutse. Jijiyoyin ƙafarta sun fito ruɗu-ruɗu, bayan hannunta duk tabon ƙuna. In aka tsokane ta da sunan sai ta ce ai sannu ba ta hana zuwa. Matan su ƙarasa mata da baki ɗaya, sai dai a daɗe ba a je ba. A yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa ta jawo wata rigar.

Mijinta direban bas ne, ko kuwa a ce da can direba ne. Wata safiya taya ta fashe masa a kan gada, fasinjoji suka fita da ƙurjewa, shi aka zaro shi da karyayyen ƙashin baya. Kuɗin aikin da aka yi masa wansa ne ya biya, mai injin niƙa, wanda ya sayar da ɗaya daga cikin injinansa biyu ya kawo kuɗin a leda. Ba kyauta ba ce, kuma bai ɓoye ba. Shi ma yana da bakuna takwas a gida. Aka yi magana kowane ƙarshen wata za ta riƙa ba shi kashi ɗaya cikin uku na albashinta har a gama. Aikin bai tayar da direba ba. An dai dawo da shi gida da ransa, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Gidan ɗaki biyu ne, na waje da na ciki. A daminar da ta biyo baya bangon ɗakin ciki ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar da hannu ke shiga, ya kama jiƙewa yana zubar da yaɓe. Dole aka jawo gadon mara lafiya zuwa ɗakin waje, wanda shi ne hanya, shi ne wurin cin abinci, shi ne inda maƙwabta ke leƙowa aron ashana. Ta ɗaura igiya ta rataya zani, a bayan zanin nan take yi masa wanka, take canza masa shimfiɗa in ya ɓata. Wata rana 'yarsu, budurwa mai shekara goma sha biyar, ta dawo daga makaranta ta faɗo ɗakin babu sallama, iska kuma ta ɗage zanin. Direba ya juya fuskarsa bango. Kwana biyu bai ci komai ba.

A rana ta uku, tana riƙe da cokali a bakinsa, ya ce, "Ni fa na daina roƙon tafiya. Ƙofa nake so. Ɗakin da za a rufe, a ƙwanƙwasa kafin a shigo mini."

"Za ka samu, Direba," in ji ta. "Buɗe bakin."

Ta kira wani magini ya duba. Ya ce bangon sai an rushe shi an sake, a yi daɓe, a yi filasta, a kafa ƙofa. Siminti kawai zai ci kamar buhu talatin, ban da bulo da yashi da kuɗin aiki. Ta fara tara kuɗi a gwangwanin madara. Amma kuɗi a gidan da ke da majinyaci ba su da wurin ɓuya. Yau robar fitsari ta ƙare, gobe gyambon kwanciya ya buɗe, jibi an koro yarinya saboda kuɗin jarrabawa. Sau huɗu gwangwanin yana yin nauyi, sau huɗu tana zazzage shi.

A hanyarta ta dawowa daga aiki akwai shagon kayan gini, a nan dabara ta faɗo mata. Ba mai kai buhun siminti kemis ya ce a ba shi magani. Ga shi kuma kullum farashinsa gaba yake yi, wanda ya saya yau ya ci ribar gobe. Daga ranar, in an yi albashi sai ta ware na Yaya, wan mijin nata, ta ware na magani da na cefane, abin da ya rage ta haɗa da kuɗin gugar da take karɓa a unguwa ranar hutu, ta sayi buhu ɗaya. Wani watan ba ya samuwa, wani watan ta sayi biyu. Mai baro ya kawo, ta sa ya jera mata a jikin tsagaggen bangon, a ƙasa, buhu kan buhu. Ga ajiya, ga tokara. Ta daina shan shayi da madara, takalmi ɗaya ta riƙa kai wa mai gyara har ya ce mata, "Uwar ɗaki, wannan kam zaren ya fi fatar yawa."

Sai ƙura ta fara damun su. Ko yaya aka motsa buhu sai wani farin gari ya taso ya ratso ɗakin waje, Direba ya kama tari, kuma mutumin da ba ya iya tashi zaune tari azaba ce gare shi. Sannu-sannu ta roƙi tsofaffin zannuwan gado da gidan wankin zai yar, ta lulluɓe buhunan tsaf. Da ƙurar ba ta daina ba, ta yi abin da hannunta ya sani. Kowace safiya kafin ta fita sai ta ɗauki kwano ta tsoma yatsu ta yayyafa wa zannuwan ruwa, ta goge ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma. Ba wai ba ta san ruwa ne ke sa siminti ya kama ba. Ta sani sarai. Amma a wurinta ruwa shi ne na bokiti, wanda magina ke kwarawa. Ɗan yayyafin da ke bushewa a kan riga kafin a ƙirga goma, me zai yi wa buhu mai kauri? Tarin Direba kuwa ya tsaya cak, ta gode wa Allah.

Buhu na goma sha huɗu ne ya tona asiri. Yaya ya zo karɓar nasa kwana ɗaya kafin lokacin da ya saba, ya ci karo da mai baro a bakin ƙofa. Ya bi shi har ɗakin ciki, ya ɗaga zani, ya ƙirga da ido.

"To, madalla," ya ce. "Ni ina can ina niƙa da inji ɗaya, mutane na juyawa da kwanukansu saboda layi, ashe nan gini ake shiri."

"Yaya, ko sau ɗaya na taɓa saɓa maka wata?"

"Ba ki taɓa ba. Amma mai kuɗin siminti ba ya cewa ba shi da na bashi."

"Ɗakin ƙaninka ne, Yaya. Ba bene zan yi ba."

Ya kai dubansa ga bangon. Ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai, gashin girarsa ma fari fat da garin niƙa. Can ya ce, "Ji nan. Akwai mai gini kusa da shagona, yau ɗin nan zai saye su. Ki ba ni goma sha huɗun nan, in yafe sauran bashin gaba ɗaya, kowa ya huta. Albashinki ya zama naki. Kuma siminti ba hatsi ba ne, ba a ajiye shi shekara da shekaru."

Abin da ya rage na bashin ya ninka kuɗin buhunan har da ɗoriya, ko yaro ya san tayin alheri ne. Amma ita ba lissafi ta ji ba. Ta ga shekara ɗaya da rabi na rashin madara ana shirin lodawa a baro a fita da su ta gaban gadon mijinta. Maganar ba a ajiye siminti kuwa, ta ɗauke ta wayon mai son karɓa. Ta tsaya a tsakaninsa da buhunan, ta harɗe hannu.

"Zan biya ka har sisin ƙarshe, Yaya. Wannan dai ba za a taɓa shi ba."

Daga bayan zani Direba ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai, irin ta mutumin da ya san shi ne sanadin komai. Yaya ya karɓi kuɗin watan, ya fita bai yi sallama ba, kuma daga ranar sai dai ya tsaya a waje a miƙo masa.

Shekara biyu da wata biyar aka ƙara a haka. Yarinya ta gama makaranta ta shiga koyon ɗinki. Ƙafafun Sannu-sannu suka fara kumbura, mai gidan wanki ya ba ta kujera, ta ce guga a zaune ba ta fita. Direba ya rame, ya yi haske, amma ya samu abin yi. Yana kwance yana tsara ɗakin a kansa, inda gado zai zauna, inda za a sa taga don ya riƙa ganin wucewar motoci. Wani lokaci in ta shiga yayyafi takan danna buhunan ƙasa da tafin hannu, ta ji su gam kamar daɓe, ta ji daɗi a ranta. Mai shagon bai cuce ta ba, in ji ta, kaya mai ƙarfi ya ba ta.

Ranar da ta miƙa wa Yaya kuɗin ƙarshe, ya ƙirga, ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya kau da kai da sauri. Ba ta yi kuka ba, sai da ta shiga ɗakin ciki ta ƙirga buhunanta. Talatin da ɗaya. Wata uku bayan nan ta haɗa kuɗin yashi da rabin na bulo, ta nemi hutun yini ɗaya, ta aika a kira magini.

Ya zo da hantsi, da guduma da igiyar awo. Ya gaida mara lafiya, ya wuce ciki. Ita ta yaye zannuwan da kanta, tana ninke su gefe da gefe yadda ta saba. Magini ya sa hannu zai ɗaga buhun sama, ya tsaya. Ya danna shi da babban yatsa. Ya danna na ƙasa da shi. Sai ya ɗauki guduma ya buga wa na tsakiya, ƙarar ta tashi ƙwal, takardar ta yage, ba ko ƙwayar gari da ta zubo.

"Baba, tun yaushe waɗannan suke nan?" ya tambaye ta.

"Na ƙasan sun haura shekara huɗu."

"Ruwa na taɓa su?"

"A'a. Ɗan yayyafi dai, saboda ƙura."

Ya dube ta. Ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya da guduma, tana tsaye tana ji. Uku na sama ne kawai suka amsa da taushi, su ma da gudaji a ciki.

"Ba a dakawa?" ta ce. "Ina da ƙarfi. In a turmi ne zan daka, in tankaɗe."

"Baba, siminti sau ɗaya yake shan ruwa a rayuwarsa. Wannan ya riga ya sha. Ga damshin bango ta baya, ga naki ta gaba."

"To a fitar da su, in sake farawa."

Magini ya leƙa bayan tulin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ja ta gefe ya rage murya. Bangon ya riga ya kwanto a kansu, in ji shi, su ne ke riƙe da shi, shi kuma yana riƙe da rufin. Ranar da aka janye su ba tare da an tokare rufin da katako an kawo lebura huɗu ba, ɗakin zai zauna, wataƙila ya ja na waje. Kuɗin wannan kaɗai ya fi abin da ta tara na yashi da bulo. Ya ƙi karɓar kuɗin mota, ya saɓa gudumarsa ya fita a hankali.

Ta daɗe a tsaye da ninkakken zani a hannu. Baƙin ciki ya rufe ta, kuma ba wanda za ta ɗora wa laifi. Hannunta ne, safiya bayan safiya, da kyakkyawar niyya.

Da ta fito, Direba ya ɗago kai daga matashi iyakar yadda zai iya. Ya ji bugun guduma ta bango, fuskarsa ta washe yadda ba ta gani ba tun kafin gada.

"Har ya fara?" ya ce. "Ke, ki ce masa ƙofar ta zama mai sakata ta ciki. Ƙasa-ƙasa, inda hannuna zai kai."

Ta zauna a bakin gadon, ta kama hannun nasa.

"Zan gaya masa," ta ce.

Lokacin juya shi ya yi. Ta miƙe ta ja zanin a kan igiya, ta kama bakinsa da ɗan ƙarfen shanya don kada iska ta ɗage.